Kyamara ko gilashi: wanne zan fara saya don hoton tsuntsaye?

Tambayar ta fito ne daga wani ɗan'uwa mai ɗaukar hoton biki a Haɗejia. Ya ce yana da Nikon D5600 da ɗan gilashin nan 18-55mm da ake sayar da ita da shi. Ya fara sha'awar tsuntsayen fadama, amma duk abin da ya ɗauka sai ya fito kamar ɗigon tawada a tsakiyar takarda. Kuɗin da ya tara abu ɗaya za su saya, ko sabuwar kyamara ko babban gilashi. Wanne ya fi?

Malam, gilashi. Ka bar kyamararka yadda take. Da "gilashi" ina nufin abin da ake ɗaurawa a gaban kyamara, wanda muke kira lensi a bakin aiki. Zan nuna maka dalili da lissafi, don kada gobe wani mai shago ya juya maka kai da zancen megafiksel.

Ɗauki tsuntsu mai girman gwara, kamar santimita 15 daga baki zuwa jela, yana kan reshe, tsakaninku mita 10. Faifan da ke ɗaukar haske a cikin kyamararka, wato sensa, faɗinsa milimita 23.5 ne, kuma ɗigo 6,000 ne a jere daga wannan gefe zuwa wancan. Idan ka zuƙo gilashinka har ƙarshensa, 55mm, wannan tsuntsu ba zai cika ko milimita ɗaya a kan faifan ba, abin da zai samu bai wuce ɗigo ɗari biyu da 'yan kai ba. Ɗigon tawadar da kake gani ke nan. Da gilashin 300mm zai kai kusan milimita 4 da rabi. Da 600mm zai haura milimita 9, fiye da kashi ɗaya bisa uku na faɗin hoton, a nan ne za ka fara ganin ƙwayar ido da layin gashin fiffike. To ka sayi kyamarar da ta fi kowace tsada a duniya ka ɗaura mata 55mm, ɗigon nan dai za ta ba ka, sai dai ɗigo mai tsabta.

Kyamararka ma tana da wata fa'ida da masu biki ba su cika lura da ita ba. Faifanta ƙarami ne a kan na manyan kyamarori, don haka abin da take gani ta cikin kowane gilashi ya fi matsewa sau ɗaya da rabi. Gilashin 600mm a kanta yana ba da irin hoton da 900mm zai bayar a kan babbar kyamara. A ɗakin amarya wannan takura ce, domin ba ka samun kowa ya shiga hoto. A bakin fadama kuwa riba ce. Shi ya sa da yawa daga cikin masu hoton tsuntsaye da gangan suke zaɓar mai ƙaramin faifai.

Yanzu wane gilashi? Ga irin kyamararka, uku ne ake ta juyawa a kansu, kuma duk ukun na riƙe su a hannuna: Sigma 150-600mm Contemporary, da Tamron 150-600mm G2, da na Nikon ɗin kansa, 200-500mm f/5.6. Sigma ya fi su sauƙin nauyi, bai cika kilo 2 ba, kuma yawanci shi ya fi araha. Tamron kusan kilo 2 ne, an fi toshe masa kafofin da ƙura da danshi ke bi. Na Nikon ya kai kilo 2.3, ya tsaya a 500mm, amma ƙofar haskensa ba ta sauyawa, f/5.6 ce daga farko har ƙarshe (ƙaramar lamba, haske mai yawa), sauran biyun kuwa suna komawa f/6.3 idan an zuƙo su. Bambancin hasken kaɗan ne, sai dai kyamarori irin taka sun fi samun natsuwa wajen kama saiti, wato daidaita gilashi har abin da ake ɗauka ya fito da kaifi, a f/5.6, musamman da sassafe kafin rana ta ɗaga. Da ni ne, in kuɗin sun kai, na Nikon zan ɗauka, saboda wannan, da kuma saboda na'urarsa ta hana rawar hannu tana da kyau ƙwarai. In ba su kai ba, Sigma na hannu mai lafiya ba abin rainawa ba ne. Na ga hotunan da aka ɗauka da shi waɗanda ba wanda zai tambayi da me aka ɗauke su.

Milimita ɗarin nan da ke tsakanin 500 da 600 kada ta hana ka barci. Taku biyu ko uku gaba sun biya ta.

In kuma kuɗin ba su kai ko ɗaya daga cikin ukun ba, akwai na Nikon AF-P 70-300mm DX mai VR, wato na'urar hana rawar hannu, nauyinsa bai kai rabin kilo ba, yana kama saiti da sauri, kuma zai yi maka aiki a wajen biki ma. Da shi za ka ɗauki balbela da zalɓe da shamuwa da hasbiya, duk wani tsuntsu babba ko wanda ya saba da mutane. Ƙananan tsuntsayen ƙaya za su ba ka wahala. Amma ka buɗe ido da kyau: akwai wani tsohon 70-300mm na Nikon mai araha da aka rubuta AF kawai a jikinsa, ba AF-S ko AF-P ba. Wannan ba shi da injin saiti a cikinsa, yana dogara da injin da ke jikin kyamara, ita kuwa D5600 ba ta da shi. In ka saye shi da hannu za ka riƙa murɗa saiti, tsuntsu kuwa ba zai jira ka ba.

Sai abin da na fi so ka guje wa, domin ni na faɗa ramin. Farkon shigata harkar na ga wani dogon gilashi fari a intanet, an rubuta 650-1300mm, kuɗinsa bai kai na wayar hannu mai kyau ba. Na ce kakata ta yanke saƙa. Da ya iso sai na tarar bututu ne kawai da gilasai a ciki: ba ya kama saiti da kansa, ba abin hana rawa, hasken da ke shiga kuma ɗan mitsitsi. Na kwashe mako biyu ina bin wani cilakowa a bayan gari, kowane hoto kamar an shafa masa man kaɗanya. Har yau yana saman durowa, yara suna leƙen wata da shi. Araha ba ta ado. Haka nan ƙaramin gilashin nan da ake sakawa tsakanin kyamara da lensi don ƙara nisa: mai ninka 1.4 yana cinye rabin haske, mai ninka 2 yana cinye kashi uku cikin huɗu. In ka saka mai 1.4 a kan f/6.3 ka koma kusan f/9, kyamararka za ta yi ta kai da kawo tana neman saiti ba ta samu ba. An yi shi ne don manyan gilasai irin 500mm f/4 da 600mm f/4, masu ɗan karen tsada.

Wani zai ce maka ka sayar da komai ka sayi Nikon P950 ko P1000, irin waɗanda gilashinsu a haɗe yake ba a cirewa. Ba ƙarya ya yi ba ta wani ɓangaren. P950 tana zuƙowa har daidai da 2000mm, P1000 har 3000mm, abin mamaki ne ka gani da idonka. Mai ƙidayar tsuntsaye wanda burinsa ya samu shaidar cewa ya ga tsuntsu iri kaza a wuri kaza, ba abin da ya fi masa su. Amma faifansu ƙanƙane ne, kusan irin na waya, da haske ya ragu hoton sai ya dagule, tsuntsu mai tashi kuwa sai an yi sa'a. Kai da ka riga ka saba da hoton da ake wankewa a manna a bango, ba za su gamsar da kai ba.

To kyamarar fa, ba ta da aibi ke nan? Tana da shi. Hoto biyar take ɗauka a daƙiƙa, wuraren kama saitinta 39 ne, kuma in kana ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoto mai cin wuri, ka danne maɓalli, nan da nan take cika ta tsaya tana numfashi. Ga tsuntsun da ke zaune ko yake kiwo a bakin ruwa, wannan duk ba matsala ba ce. Ranar da ka fara bin shirwa a sama ko garken kirinjijiya sun tashi gaba ɗaya, a nan za ka ji iyakarta. Idan wannan rana ta zo, D500 ta hannu ita ce matakin gaba: ta fito a 2016, hoto goma a daƙiƙa, wuraren saiti 153, kuma har yanzu masu tsuntsaye ba su daina yabonta ba. D7500 ma ta isa. Ko ka tsallaka zuwa sababbin nan marasa madubi irin Z50 II, waɗanda ke gane tsuntsu da kansu su manne wa idonsa. Gilashin da ka saya yau zai bi ka duk inda ka je, a kan marasa madubin ma akwai mahaɗin FTZ da ake ɗaura shi da shi. Kyamara tana tsufa cikin 'yan shekaru, gilashi mai kyau kuwa sai ka gaji da shi. Kuma tsohuwar taka tana da abin da sababbin ba su da shi: batir ɗaya yana ɗaukar hoto ɗaruruwa masu yawa, kamfanin ya ce har 970. Wanda ya taɓa kwana uku a ƙauyen da ba wuta ya san darajar wannan.

Yanzu bari in zo kan abin da na fi damuwa da shi, wanda ba a sayarwa a shago. Koma kan lissafin farko. Tsuntsun da ke mita 10 da gilashin 600mm, da tsuntsun da ke mita 5 da gilashin 300mm, girmansu ɗaya ne a hoto. Rage nisa da rabi daidai yake da ninka gilashi biyu, kuma kyauta ne. Ya ma fi, domin iskar da ke tsakaninka da tsuntsu ita ma tana shiga hoton. A ƙasarmu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Da bazara, daga hantsi ƙasa ta ɗau zafi, iska ta fara rawa kamar saman tukunyar suya, duk abin da ya wuce mita ashirin ko talatin zai fito a narke ko da wane gilashi ka ɗauka. Mutane da yawa sun mayar da gilashi mai lafiya shago suna cewa ba shi da kaifi, alhali zafin ƙasa ne. Da hunturu kuma hazo ne yake wanke launi daga duk abin da ke nesa. Amma wannan hazon, in tsuntsun yana kusa, haske yake bayarwa mai taushi wanda ba inuwa mai kaifi, irin wanda masu situdiyo ke kashe kuɗi su ƙirƙira.

Maharbanmu sun daɗe da sanin sirrin kusantar abin daji. Wanda ya taɓa ganin maharbi ya ɗaura kan burtu a goshi, ya duƙa yana tafiya yana sunkuyar da kai kamar mai kiwo, ya ga darasin gaba ɗaya: kada ka yi kama da mutum mai nufin wani abu. Ba na ce ka ɗaura burtu ba. Amma kada ka miƙe tsaye ka nufi tsuntsu kai tsaye kana kallonsa. Ka yi ƙasa, ka bi ta gefe, ka tsaya in ya ɗaga kai, ka matsa in ya koma kiwo. Mafi kyau ma ka zauna shi ya zo. Hoton da na fi so a duk abin da na ɗauka, da kasko na same shi. Watan Afrilu ne, ko'ina ya bushe, na binne wani tsohon kasko a gindin magarya har bakinsa ya yi daidai da ƙasa, na cika shi da ruwa, na kafa busasshen reshe a gefensa. Kwana uku ina zuba ruwa ban kawo kyamara ba. Rana ta huɗu na jingina zana biyu, na huda ɗaya daidai bakin gilashi, na shiga tun kafin fitowar rana na zauna a kan buhu. Kurciyoyi ne suka fara sauka, su tsaya nesa, su matso, su koma. Can sai ga tsirya biyu sun dira kan reshen, ɗayan namiji mai zobe a wuya, ya karkata kai yana duban ramin zanar kamar ya san da mutum. Tsakaninmu bai fi mita huɗu ba. Gilashin 300mm ne a hannuna ranar.

Kai kuma Allah ya ajiye ka a wurin da wasu ke biyan kuɗin jirgi su zo. Fadamar Haɗejia da Nguru tana cikin wurare mafiya muhimmanci ga tsuntsayen ruwa a duk yankin Sahel, tafkin Nguru da mashigin Marma sun shiga jerin Ramsar, wato jerin fadamu masu muhimmanci na duniya, tun shekarar 2000, ga kuma fadamar Dagona can wajen Gashuwa. Daga wajen Oktoba zuwa Maris baƙin tsuntsaye daga Turai da Asiya suna sauka a can su yi hunturu, su haɗu da 'yan gida irin su dinya da kirinjijiya. Da faɗuwar damina kuma shamuwa ta iso ta yi sheƙa a tsakiyar ƙauye, ba mai taɓa ta, don haka ba ta gudun mutum. Da ita ya kamata ka fara koyon hoton tsuntsu mai tashi: babba ce, ba ta sauri, kuma hanya ɗaya take bi tsakanin sheƙa da inda take ɗebo kirare.

A cikin kwalekwale ƙafa uku, wato abin da ake ɗora kyamara a kai, ba ta da amfani, domin duk motsin ruwa ta cikinta yake hawowa. Hannu ne kawai, sai ka ɗaga saurin ƙiftawa, wato saurin buɗewa da rufewar idon kyamara. A tudu ma ni ban cika ɗaukar ƙafa uku ba. Mai araha rawa take yi a ƙarƙashin kilo uku, mai kyau kuwa kuɗinta ya kusa na gilashi. Ƙafa ɗaya ta fi sauƙi. Abin da ya fi su duka a wajena shi ne 'yar jaka da tela ya ɗinka mini da ƙyallen wandon jins, na cika ta da gero kwano ɗaya. A kan tagar mota, a kan katanga, a kan tudun gona ina kwance rub da ciki, ko'ina zama take. Mota kuwa maɓoya ce mai kyau, tsuntsaye sun fi yarda da ita a kan mutum a tsaye, in dai ka kashe inji.

Wajen saiti ba sai na tsawaita ba tunda sana'arka ce. Ga tsuntsu mai zaune, kada saurin ƙiftawa ya sauka ƙasa da 1/500 na daƙiƙa in a hannu kake riƙe. Ga mai tashi, 1/2000 ko sama. Ka bar ISO, wato ma'aunin yadda faifai ke jin haske, ya hau da kansa har 3200, hoto mai ɗan yashi-yashi ya fi hoto mai rawa, na farko ana gyara shi a kwamfuta, na biyu sai shara. Ka sa saiti a AF-C, wanda ke bin abu yana motsi, ka ɗora ɗigon saitin a kan idon tsuntsu. Farin tsuntsu irin balbela a cikin rana, ka rage haske kaɗan, in ba haka ba gashin zai ƙone ya zama fari fat ba zane.

Ƙura ita ce babbar abokiyar gaba. Duk gilasan nan uku tsawo suke yi idan an zuƙo su, wato suna shaƙar iska suna fitarwa kamar zugazugin maƙeri, kuma da hunturu iskar da suke shaƙa ka san abin da ke cikinta. Kada ka sauya gilashi a fili. Na taɓa yi sau ɗaya a bakin ruwa a watan Janairu, minti ɗaya bai cika ba, da na dawo gida kowane hoto mai sararin sama yana da tabo bakwai a wuri guda. Ka ɗaura tun daga ɗaki, ka bar shi har ka dawo. Ka samu robar hura iska, ka hure kafin ka goge, domin goge gilashi da ƙura a kai daidai yake da goga masa yashi. Tsohuwar rigar matashin kai ta isa ta rufe shi a kan babur. Da damina kuma akasin haka ne: kada ka kulle shi cikin jaka da danshi, fumfuna tana tsirowa a cikin gilashi kamar saƙar gizo, in ta kama kuwa da wuya ta fita. Kuma igiyar ratayawa a ƙafar gilashin za ka ɗaura ta, ba a jikin kyamara ba. Kilo biyu yana lilo a bakin ƙaramar kyamara irin taka, wata rana bakin zai saki.

Abu guda da ba za ka ji daga bakin Turawa masu koyar da wannan harka ba: kada ka sayi riga ko hula ko rufin gilashi mai zanen kakin soja. A can ado ne na masu shiga daji, a nan kuwa sojoji sun sha gargaɗin farar hula a kan sa shi, kuma mutum a duƙe cikin ciyawa da dogon baƙin bututu, a wannan zamani, ka san abin da za a fara zato. Tufafi masu launin ƙasa ko toka sun wadatar. In ka je ƙauyen da ba a san ka ba, ka fara gaida mai unguwa, ka nuna masa hotunan da ke cikin kyamarar, ka nemi yaro ɗaya ya raka ka. Sau da yawa ma yaron ya fi ka sanin inda mujiya ke kwana. A shingen jami'an tsaro kuma kaya su zauna cikin jaka. Sheƙa mai ƙwai ko 'ya'ya, ka tsaya nesa, in uwar ta tashi saboda kai to ka matso da yawa, rana da hankaka ba sa jira.

In na hannu za ka saya, kuma shi nake ba ka shawara, ka tafi da kyamararka, kada ka yarda da gwaji a kan tasu. Ka cire murfi biyun, ka haska fitilar waya ta baya ka leƙa ta gaba: 'yar ƙura ba komai, kowane gilashi yana da ita, amma zare-zare kamar saƙar gizo ko hazo a ciki, ajiye musu kayansu. Ka zuƙo daga farko zuwa ƙarshe ka ji ko yana cijewa. Ka kunna abin hana rawa ka sa ido a maleƙi, ya kamata hoton ya tsaya cak bayan ka taɓa maɓalli. Sannan ka fita waje, ka sami allon shago mai rubutu kamar mita 15, ka zuƙo har ƙarshe, ƙofar haske a buɗe duka, saurin ƙiftawa 1/1000, ka ɗauka sau biyar kana sake saiti kowane karo. Ka buɗe hotunan ka faɗaɗa su har iyaka, ka duba tsakiya da kusurwa huɗu. In huɗu cikin biyar sun fito da kaifi kuma ba gefen da ya fi wani dushewa, sai ku zauna ku yi ciniki.